Maruƙan da Ba a Ɗaure Ba

Dutsi, 4 ga Yuni

'Yata Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ya aikin asibiti, ya zaman Kaduna? Ina fatan kina cin abinci a zaune, ba a tsaye ba kamar yadda kika saba. Mu nan lafiya lau. Ruwa ya sauka sau biyu, an yi shuka, ɗinki ya yi sauƙi tunda kowa ya koma gona. Ƙanena Abdulbaƙi ya wuce Kongolam da shanun gidan tun makon jiya, sun hau arewa cin damina, sai kaka kuma.

Ambulan ɗinki ya iso. Sha'aban direba ya ajiye shi a shagon Okechukwu mai kayan gyaran mota a bakin tashar Daura, kamar kullum, na karɓa ranar da na shiga sayen maganin Baffa. Okechukwu ya ce in tambaye ki ko takardun kotu ne, don ya gaji da ajiyar abin da bai san cikinsa ba. Na ce masa shanu dubu ne a ciki, ya riƙe da kyau.

Kin san dokar gidan nan. Litinin da Alhamis bayan la'asar sai in shimfiɗa wa Baffa tabarma a gindin darbejiya, in karanta masa labarinki, Ƙahon Tagulla. Shekara uku ke nan tun da idonsa ya rufe, kuma a cikin mako ranakun nan biyu kaɗai yake neman riga mai kyau, ya shanye furarsa ba a yi masa magiya ba. Ke da sau biyu kika taɓa zuwa Dutsi, kakanki da Baffa Hamma ma 'ya'yan wa da ƙane ne kawai, amma kin fi mu da muke gindinsa fada.

Na karanta masa farkon littafi na huɗu, inda Barkindo ya ƙwato garkensa daga hannun Sarkin Guguwa ya kamo hanyar gida ta kwana arba'in. Ni kam na ji daɗi, don kin saki hannu: kwana tara a shafi biyu! Da a littafi na biyu ne, da har yanzu muna gindin bishiyar nan mai ganyen ƙarfe muna ƙirga rassanta. Da na gama sai Baffa ya ce, "Kwana nawa ya rage su isa?" Na ce talatin da ɗaya. Ya daɗe yana lissafi da yatsunsa, ya sake daga farko, sannan ya ce in mayar da shi ɗaki.

Ga abin da ya sa na rubuto ban kira ba. Kin san tun da idonsa ya rufe kunnensa ya buɗe, ko bayan rumbu na laɓe da waya sai ya maimaita mini abin da na faɗa. Ƙafafunsa sun kumbura har takalmi ba ya shiga. Ba ya iya kwanciya sai na tokare shi da filo uku, kuma daga ɗaki zuwa darbejiya sai ya huta sau biyu. Likita ya ce zuciya ce, ya ƙara magani. Ke ce ma'aikaciyar jinya, kin fi ni sanin fassarar wannan. Kullum tambayarsa ɗaya ce, ina suka kai, ina suka kai. Ina tsoron lokaci, Siddiƙa.

Ya ce a gaida amaryarsa, wai har yanzu jikar banza ba ta kawo masa tuwon da ta yi alkawari ba.

Goggonki,
Kubura

Kaduna, 15 ga Yuni

Goggo Kubura,

Wa alaikumus salam. Na same ku lafiya? Ya jikin Baffa? Allah ya ba shi sauƙi, ya saka miki da alheri kan hidimar da kike yi. Ki rage masa gishiri ƙwarai, ki ɗaga masa ƙafafun idan yana zaune, kada kuma a tsallake maganin ko na rana ɗaya.

Na karanta wasiƙarki a tsaye a bakin ɗakin marasa lafiya, sai da na nemi kujera. Na gane, Goggo. Ba sai kin faɗa da baki ba.

Dama dalilin da ya sa kika ga na saki hannu shi ne mutanen gurup ɗinmu na WhatsApp, inda nake sakin labarin kashi-kashi. Mun kai mutum ɗari takwas, kuma tun littafi na uku suke cin namana. Wata ta rubuta, "Malama, shafi goma a kan ciyawa? Mu awaki ne?" Wani ya ce idan ya ga an fara siffanta gajimare sai ya tura yatsa har sai ya ga an zare takobi. Badaru, mai kula da gurup ɗin, ya sa an yi ƙuri'a: kashi uku cikin huɗu suka ce a rage siffantawa, a ƙara yaƙi. Akwai 'yan kaɗan da suka ce su hanyar suke so, amma ba su da baki. Na ji haushi, na kuma bi, don marubucin da ba a karantawa me ya rage masa?

Da na ji Baffa ma ƙirga kwanaki yake yi, sai na ce to, kowa ya haɗu a kan magana ɗaya. Na karɓi hutun kwana tara da nake tarawa don bikin ƙawata, na rufe ɗaki na gama littafin. Ga shi nan cikin ambulan, shafi goma sha biyu. Kwana talatin da ɗayan nan na naɗe su a shafi huɗu, sauran kuma yaƙin ƙarshe ne da isowa gida. Ban sakar wa kowa ba, na ce wa Badaru sai ƙarshen wata mai zuwa. Baffa ne zai fara ji.

Don Allah ki karanta masa ranar da ya iso hannunki, kada ki jira Litinin ko Alhamis. Shekara uku yana biye da Barkindo, ba zan yafe wa kaina ba idan bai ji ya isa gida ba.

Ki ce wa angon tuwo na nan zuwa, ya fara wanke hannu.

Taki,
Siddiƙa

Dutsi, 1 ga Yuli

Siddiƙa,

Sallama da gaisuwa. Muna lafiya, gero ya fito har an fara noman farko. Jikin Baffa na nan jiya i yau, gishiri kuma na rage har ya ce ko na fara yi masa horo ne.

Zan gaya miki abin da na yi, in za ki yi fushi ki yi, amma ki karanta har ƙarshe.

A kan bencin Okechukwu na zauna na karance shafukan nan goma sha biyu. Wallahi sun yi. Inda guguwa ta ɗauke bijimin gaba Barkindo ya bi ta da sanda kaɗai, sai da na yi ƙwalla, Okechukwu ya miƙo mini ruwan leda. In don ni ce, kin gama aiki.

Na dawo na shimfiɗa tabarma, na fara: "Bayan kwana goma suka iso ƙasar toka." Baffa ya ɗaga hannu. Ya ce, "Kwana goma? A ina suka kwana? Shanun ba su sha ruwa ba?" Na ce haka aka rubuta. Sai ya ce, "Da, kowane zama kwana ɗaya muke tafiya. Na yi lissafi, kwana talatin da ɗaya, zama biyu a mako, wata huɗu ke nan. Daidai an kwashe gero, Abdulbaƙi ya sauko da shanu. Na ce in Allah ya yarda zan bi Barkindo a hankali har in taɓa Guntuwa da hannuna. In kuwa yau za su isa, to ni ma na isa." Guntuwa ita ce tsohuwar saniyarsa mai karyayyen ƙahon hagu, a hannunsa aka haife ta.

Kin ga lissafin yatsun nan ke nan. Ni na rubuta miki shi ban fahimce shi ba, ke kuma kika karanta shi a juye. Laifina ne.

Na ce masa au, na tsallake shafi, bari in koma. Na kafa ido a takardar, na fara zuba abin da babu a ciki. Na kai Barkindo wani fako mai tsakuwa, na sa ya sami rijiya mai ɗanɗanon kanwa, ya shayar, ya ɗaure maruƙa da magariba, ya hura wuta. Duk daga hirar da Baffa yake mana muna yara na kwaso, ta hanyoyin da ya bi da ƙuruciyarsa. Ya shanye furarsa tas.

Sau huɗu ke nan ina yi, muna kwana na goma sha uku. Shafukanki na ɓoye su a aljihun keken ɗinki. Amma ni tela ce, ba marubuciya ba, rijiyoyin da na sani ba su da yawa. Abin da nake roƙo, ki aiko mini da hanya, ba ƙarshe ba. Kwana ɗaya-ɗaya, irin na da, da ciyawarki da gajimarenki.

Goggonki,
Kubura

Kaduna, 10 ga Yuli

Goggo,

Ina gaisuwa, ina kuma yi wa Baffa fatan sauƙi.

Kwana uku ina ɗaukar biro ina ajiyewa, don kada in rubuta abin da bai kamata 'ya ta rubuta wa uwa ba. Amma raina ya ɓaci, ba zan ɓoye ba. Na ba da hutuna, ban je bikin ƙawata ba, na rubuta har yatsuna suka ƙage, sai ki zuba aikin a aljihun keke tare da zare da allura, ki riƙa faɗin naki da sunana?

Wannan ma mai sauƙi ne. Goggo, ni nake kwana da tashi da masu irin ciwonsa. Wanda ƙafarsa ta kai haka, wata huɗu ba abu ne da za a yi masa alkawari ba. Kina ja masa labari kina cewa sai kaka. In ya tafi a kwana na ashirin fa, ƙarshen yana kwance taku biyar daga tabarmarsa? Wa zai ɗauki wannan, ni ko ke?

Kuma ba zan iya rubuta littafi biyu ba, ɗaya na mutum ɗari takwas masu gaggawa, ɗaya na mutum ɗaya. Na yi wa mutane alkawarin ƙarshe, suna jira, aiki kuma ba ya ɗaga mini ƙafa.

Ki fito da shafukan ki karanta masa yadda na rubuta. Na roƙe ki. Ina jiran amsa da motar Sha'aban ta gaba.

Siddiƙa

Dutsi, 12 ga Agusta

'Yata,

Assalamu alaikum. Na san kin ɗauka gaba nake yi da ke. Ba haka ba ne. Mahaifiyar Okechukwu ta rasu, ya rufe shago ya tafi garinsu kusan wata guda, wasiƙarki na kulle a ciki tare da tayoyi. Sau uku ina zuwa Daura ina tarar da kwaɗo. Sai shekaranjiya ta iso hannuna. Ni ma a nan ina cewa kin share ni ne.

Maganarki ta biyu ta hana ni sukuni, don gaskiya ce. Makon jiya numfashi ya yi masa wuya har muka kwana biyu a asibiti. Ina zaune a gefen gadon ina tunanin aljihun keken nan.

Amma abin ya riga ya fita hannuna. Ranar Alhamis, muna kwana na ashirin da biyu, rijiyoyina sun ƙare, na sake mayar da Barkindo wani fako. Sai Baffa ya ce, "Ke Kubura, ajiye takardar nan haka, kin wahala." Na ce me ya faru? Ya ce, "Tun ranar farko na san ba ita ba ce." Na yi tsuru-tsuru kamar an kama ni da hannu a tukunya. Ya sa na ɗauko biro, ya ce in rubuta miki wannan yadda ya faɗa, kada in gyara:

"Amarya, ina gaishe ki. Littafi uku kina barin maruƙa su kwana a gindin iyayensu, da safe kuma ki sa a tatsi nono har ƙwarya ta cika. Wane nonon? Ai maruƙan sun shanye. Duk ɗan da ya tashi a ruga ya san da magariba ake ɗaure su a igiyarsu, sai an zo tatsa a sake su. Shekara uku ina dariyar wannan a cikina ban gaya wa kowa ba. Rana ɗaya sai na ji Barkindo ya ɗaure maruƙa daidai, har da ƙullin da nake yi. Na ce to, 'yar gida ta karɓi sanda.

"Kubura ta kyauta, Allah ya yi mata albarka. Amma hanyarta na bi ta da ƙafata, na san kowace rijiya kafin ta faɗa. Taki nake so, inda kogi yake hawa tudu, inda tsuntsu yake ƙwai a cikin gajimare. An ce mutanenki suna cewa ki yi sauri. Su suna da ido, in sun ajiye waya ga duniya nan a gabansu. Ni ba na ganin komai sai abin da kika tsaya kika nuna mini. In kin ce bayan kwana goma, to kwana goma kika bar ni a duhu.

"Na san kin aiko da ƙarshe, na ji ƙarar aljihun keke. Kada ki ji tsoro a kaina. In na riga su isa, ba laifinki ba ne, ba na Kubura ba. Ni na zaɓa."

Iyakar maganarsa ke nan. Ya ce ba zai sake sauraron nawa ba, naki na aljihu kuma ba yanzu ba. Yau Litinin, la'asar ta wuce, bai nemi riga ba, furar tana nan a rufe. Ba ni da sauran dabara, Siddiƙa.

Kubura

Kaduna, 21 ga Agusta

Goggona,

Na gaishe ki, na gaida Baffa, ki kuma yi wa Okechukwu ta'aziyya a madadina.

Ki yafe mini. Wata guda ina ƙullace da ke a kan shirun da ba naki ba, har na saki rabin yaƙin ƙarshe a gurup don haushi. Da wasiƙarki ta zo, na karanta maganar Baffa sau uku. A na farko na yi dariya har wata majinyaciya ta tambaye ni lafiya, a na uku kuka nake yi. Mutum ɗari takwas, babu wanda ya taɓa lura da maruƙan nan, har da masu cewa su 'ya'yan Fulani ne. Ashe duk gudu suke yi su kai wurin takobi. Mutum ɗaya ne ya taka kowane layi da ƙafarsa.

Ga kwana na ashirin da uku da na ashirin da huɗu, shafi tara-tara. Na shigar da su dajin da itatuwansa suke tafiya a hankali suna bin rana, sai makiyayi ya ɗaura rawaninsa a reshe da safe ya same shi da yamma a wani kwari. Kowane mako guda biyu za su riƙa zuwa, in sha Allahu. Na ba Sha'aban lambar Madina mai abinci a tashar, ko da shago zai sake rufewa.

Na gaya wa gurup cewa na janye yaƙin, za mu koma kwana na ashirin da uku mu taho a ƙafa. Ban faɗi dalili ba, ciwon Baffa ba abin talla ba ne. Badaru ya kira ni ya ce na raina mutane, an yi ƙuri'a na take. A yini ɗaya mutum ɗari da wani abu suka fita. Yana yi mini zafi, Goggo, ba zan yi miki ƙarya ba, shekara huɗu na yi ina tara su.

Maruƙa kuwa ban ambace su ba sam a sababbin shafukan, kunya ta hana ni. Idan na zo buga littattafan zan bi su ɗaya bayan ɗaya in ɗaure kowane ɗan maraƙi.

Har yanzu ina tsoro. Ki rubuto mini ya ci abinci ko bai ci ba.

Taki,
Siddiƙa

Dutsi, 8 ga Oktoba

Siddiƙa,

Gaisuwa a gurguje, mota na jira. Saƙonninki duk suna isowa, yana ci, yana sa riga, ranar dajin nan mai tafiya har sai da ya sa na maimaita masa shafin rawani.

Amma lissafi ya karkace. Ruwa ya ƙi ɗaukewa bana, geron da aka yanka yana nan a gona bai bushe ba, wake ko taɓa shi ba a yi ba. Kin san ba a sauko da shanu sai manoma sun kwashe amfaninsu, in ba haka ba faɗa ne. Abdulbaƙi ya aiko cewa sai nan da wata guda, in an yi sa'a.

Mu kuwa muna kwana na talatin da shida. Saura huɗu, mako biyu ke nan. Baffa ya sani, jiya na ga yatsun nan suna motsi. Yanzu ba ya iya zuwa darbejiya, a bakin ƙofar ɗaki nake karanta masa, kumburin ya haura gwiwa. Na ce ko mu koma zama ɗaya a mako, ya ce ba a yi wa tafiya haka.

Ki tsayar da su, Siddiƙa. Ban san yadda za ki yi ba. Ki tsayar da su a inda ba zai ji an yi masa wayo ba.

Kubura

Kaduna, 13 ga Oktoba

Goggo,

Sallama. Allah ya ƙara masa sauƙi.

Na sa musu kogi a gaba. Ya cika ya batse, daga wannan gaɓa ana hango hayaƙin gidan Barkindo, amma ba dama a tsallaka sai ruwa ya janye. Kowace rana kogin yana kawo wani abu daga ƙasashen da suka wuce: ganyen ƙarfe, gashin tsuntsun gajimare, rawanin da ya ɓata. Za su zauna nan iya yadda kike buƙata. Ga zama huɗu, wasu na tafe.

Mun koma mu sittin da uku a gurup. Badaru ya ajiye aikin, ya ce shi bai taɓa ganin labarin da jarumi yake zaman kallon ruwa ba. Waɗanda suka rage, wata ta ce kogin nan ya fi mata duk yaƙe-yaƙen. Ban san wa ke da gaskiya ba, kuma yanzu ban damu ba.

Na nemi hutu in zo, an ce sai tsakiyar Nuwamba. Ki ce masa ya jira tuwonsa.

Siddiƙa

Dutsi, 13 ga Nuwamba

'Yata Siddiƙa,

Assalamu alaikum. Na san Abdulbaƙi ya kira ki ranar Juma'a, kin ji rasuwar. Allah ya jiƙan Baffa, ya ba mu haƙuri baki ɗaya. Ni na kasa karɓar wayar, muryata ba za ta fita ba. Amma akwai abin da waya ba za ta kawo miki ba, kuma haƙƙinki ne.

Ranar Laraba da hantsi ina wanke-wanke, sai na ji ya kira ni da muryar da na daɗe ban ji ba. Ya ce, "Kubura, buɗe ƙofar baya." Ni ban ji komai ba. Sai da na kai bakin danga na hango ƙura daga arewa, shanunmu ne suka sauko. Ya riga kowa ji.

Mu biyu da Abdulbaƙi muka ɗauko shi a kan kujera muka ajiye a gindin darbejiya. Aka jawo Guntuwa, ta rame, ta tsufa. Ya miƙa hannu ya lalubo goshinta, ya bi har ya kai ga karyayyen ƙahon, ya riƙe. Ya yi mata magana da Fulatanci ƙasa-ƙasa, ita kuma tana lasar hannun rigarsa.

Da la'asar ya ce a kawo riga mai kyau. Na ce Baffa yau Laraba ce. Ya ce, "Na sani. Ki gaya wa amaryata kogin nan ya ishe ni haka, mutum ya yi ta kallon ruwa kamar mai jiran kifi! Yarinyar nan ta cika surutu. Ɗauko na aljihun keke, a tsallakar da su."

Na ɗauko shafukanki na watan Yuni, har da tabon man keke a jikinsu. Na tsallake hanyar, na fara daga yaƙin. Siddiƙa, da kin gan shi. Mutumin da ya hana mu sauri wata biyar, shi ne yake buga sanda a ƙasa yana cewa, "Yi maza, yi maza, sai me ya faru?" Da Barkindo ya karya guguwar ya ce Allahu akbar har maƙwabta suka leƙo.

Sai shafin ƙarshe. Kin tuna abin da kika rubuta? Garke ya shiga gida da yamma, maruƙa suka kwanta a jikin iyayensu, gari ya waye mahaifiyar Barkindo ta fito ta tatsa har ƙwarya ta cika ta zuba. Ina karantawa ina jin kamar in gyara miki, ban gyara ba. Baffa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, hawaye na bin fuskarsa. Da ya sami numfashi ya ce, "Ita ce. Wannan kam amaryata ce."

Ya shanye furarsa. Alhamis ya yini yana barci, Juma'a da safe ya cika, ina riƙe da hannunsa.

Ki zo yadda kika shirya, ɗaki na nan, Guntuwa ma na nan ki gan ta. Shafukan suna wurina. Kin ce idan za ki buga littattafan za ki bi maruƙan nan ki ɗaure su ɗaya bayan ɗaya. Don Allah kada ki taɓa su. Ki bar su a sake, da su yake gane ki.

Goggonki,
Kubura